Yadda tsire-tsire suka shiga akwatin kifi

Akwatin kifi na gilas, wanda ake kira akwariyum, ya samo asali ne daga wata matsala da ta daɗe tana damun masu ajiye kifi a gida, wato yadda ruwan da ba ya gudana yake lalacewa har kifin ya mutu. A shekarar 1850 wani masanin kimiyyar sinadarai a Landan mai suna Robert Warington ya gabatar da sakamakon gwajin da ya yi da kifin zinari guda biyu da wata ciyawar ruwa mai dogon ganye da ake kira Vallisneria, inda ya nuna cewa ciyawar tana fitar da iskar oksijin da kifin yake buƙata, ita kuma tana amfani da iskar da kifin ya fitar. Da tsofaffin ganyen suka fara ruɓewa ruwan ya gurɓace, sai ya zuba dodon koɗi, suka cinye ruɓaɓɓen, ruwan ya sake washewa. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi ga jama'a, sannan littafin Philip Henry Gosse na 1854 ya yaɗa sunan da al'adar a gidajen Ingila.

Daga baya an gane cewa yawancin oksijin daga saman ruwa yake shiga, kuma babban amfanin tsiro shi ne tsotse amoniya da naitiret, sinadaran da ƙazantar kifi take haifarwa. Wannan fahimta ce ta buɗe wa tsire-tsiren ɗaki hanya, musamman fotos, wani mai yaɗo da asalinsa tsibirin Mo'orea ne a tekun Fasifik, da kuma Dracaena sanderiana, wadda ake sayarwa da sunan gorar sa'a alhali asalinta Afirka ta Tsakiya ce, har da Kamaru. Abin takaici, an daɗe ana sayar da irin waɗannan a matsayin tsiran ruwa, a nutsar da su gaba ɗaya, su ruɓe su ɓata ruwan kamar ganyen Warington. Masu kiwon kifi sun koya a aikace cewa saiwa kaɗai ake sakawa a ruwa, ganye ya tsaya a sama, bayan an wanke ƙasar tukunya da takin zamani da ke jikinta, domin maganin ƙwari da ake fesa wa tsiron a gonar reno yana iya kashe jatan lande da ƙananan kifaye.