Keɓe Ruwa da Abincin Masunta: Waiwaye a kan Fadamar Haɗeja da Nguru

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba yadda keɓe ruwa ya shafi abinci da dukiyar gidajen masunta, waɗanda mu mazauna birnin Kano muka daɗe muna cin bandarsu.

Keɓe ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun can da, Sarkin Ruwa kan hana su a wani gurbi har kifi ya ƙosa, sa'an nan a buɗe wa jama'a. Matan Fada ta Argungu ita ce fitaccen misali. Hanin na ɗan lokaci ne, amfaninsa kuwa tukunyar talaka yake komawa.

A fadamar Haɗeja da Nguru, arzikin gida ya rataya ne a kan ambaliyar damina: su, da shinkafa, da kiwo. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Calawa a 1992, domin noman rani da ruwan shan Kano. Ambaliya ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe magudanai. Daga baya ne aka sa tafkin Nguru ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2000, Baturiya kuma a 2008.

A ganinmu, doka ta zo tsaron gurbi bayan an tare ruwansa daga sama. Muddin ba a saki ruwan madatsun nan a kan kari ba, ba a kuma shawarci masunta ba, kariyar ba za ta cika rumbun kowa ba.