Labarin Fatake da Masu Masaukinsu a Ƙasar Kano

Tun kafin zuwan jirgin ƙasa da mota, Bakano yakan tashi daga gida ya yi tafiyar wata uku har Gwanja, ya ratsa ƙasashen da ba ya jin harshensu, ya sayar da hajarsa, ya komo da riba. Ba shi da sojan da ke tsaronsa, ba shi da banki. Abin da ya dogara a kai, bayan Allah, shi ne mai masauki, wanda a Kano ake ce masa fatoma, a kudu kuwa mai gida.

Tarihin Kano ya nuna an buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452. Bayansa Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi. Da baƙi suka yawaita, sai kowane iri suka sami unguwarsu: Barebari a Zangon Barebari, Nufawa a Tudun Nufawa, Yarabawa a Ayagi, Buzaye kuwa suka riƙa sauke raƙumansu a Fagge, bayan ganuwa. Sunan Alfindiki ma daga Larabci ya fito, ma'anarsa masaukin baƙi. Sa'ad da Bature Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birni kamar dubu 30, amma ya ce da rani, lokacin zuwan ayari, sukan kai ninkin haka. Duk waɗannan baƙi kuwa a gidajen mutane suke kwana.

Su fataken goro yawancinsu ba 'yan birni ba ne. Agalawa da Tokarawa a karkara suke zaune, Kambarin Barebari kuma cibiyarsu Gummi. Haka al'adar karkarar Kano take, irin su Rijiyar Zaki ta ƙasar Ungogo, a kan hanyar da ta fita Ƙofar Kabuga ta nufi Gwarzo. Gonaki sun haɗu da juna, mutane sun yi yawa, noman damina kaɗai ba ya riƙe gida. Saboda haka in an gama kaka sai mai jaki ya ɗaura mangala, wani ya kai itace birni ya komo da taki, wani ya bi ayari. Kuma da yake akan rufe ƙofofin birni da dare, matafiyin da magariba ta riske shi a hanya sai ya nemi zauren wani manomi ya kwana. Ta haka mutumin ƙauye ya san abin ta fuska biyu, bana shi ne mai saukar da baƙo, baɗi shi ne baƙon.

Ayari yana da shugabanninsa. Madugu ne babba, jagaba yana gaba yana duba hanya, malami yana riƙe da lissafi da wasiƙu. Su ɗauki kanwa da turkuɗi da jan fata, su bi ta Jega ko Yawuri, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi, har su isa Salga. Kowane gari akwai zango, kowane zango akwai wanda madugu ya sani, ko wanda ubansa ya sani.

To, ga aikin mai masauki. In baƙo ya iso, ya ba shi ɗaki da ruwa da tuwo, ya nuna masa inda zai ɗaure dabbobinsa, ya ajiye masa kaya. Sa'an nan ya kai shi ya gai da sarkin gari. In an shiga kasuwa shi ne tafinta, shi ne mai haɗa baƙo da dillali, shi ya san wanda ke biyan bashi da wanda ba ya biya. In baƙo ya yi ciwo shi zai yi jinya, in ya rasu shi zai yi jana'iza, ya tsare dukiya har magada su aiko. Galibi ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Ribarsa tana cikin la'ada, watau ɗan abin da ake cirewa daga kowane ciniki, da kyautar sallama in baƙo zai tashi. Jarinsa kuwa sunansa ne. Mai gidan da ya ci amana sau ɗaya, kafin shekara ta kewayo labari ya riga ya kai Kano a bakin fatake, ba wanda zai sake kwance kaya a ƙofarsa.

Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, ikon Asante a kan Salga ya karye, sa'an nan yaƙin basasa ya watsa garin a 1892. Amma zumuncin bai mutu ba, ƙaura ya yi. Masu masauki suka koma Kete Karachi da Kumasi da Ankara, suka kafa sababbin zanguna. Cikin waɗanda suka tashi har da Alhaji Umaru Salga, haifaffen Kano, wanda ya zama limamin Kete Karachi, ya rasu a 1934. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma zuwa ta teku da dogo, ayarin jakuna ya ragu. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji a 1877, a cikin wannan sana'a ya tashi, ya san hanyar Gwanja, kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano. Ya rasu a 1955.

A Ibadan aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a 1916. Can mai gida ya ɗauki nauyi mafi girma, domin shanun da aka koro daga arewa bashi ake ba mahauta Yarabawa. Mai shanu bai san mahauci ba, mahauci bai san shi ba, mai gida ne ke tsayawa tsakani, in kuɗi ya maƙale shi zai biya daga aljihunsa.

Hukuma kuwa ba ta taɓa barin wannan sha'ani ba. A zamanin En'e, kamar yadda yake tun gabaninta, baƙon da ya sauka akan sanar da mai unguwa, mai unguwa ya gaya wa dagaci, in abin ya yi girma ya kai ga hakimi. Wannan tsari ya tsare gari daga ɓarawo, ya tsare baƙo daga zalunci, gama wanda aka san masaukinsa yana da mai tsaya masa gaban alƙali. An kuma ga abin da kan faru in aka janye wa baƙo tabarma. A 1969 gwamnatin Gana ta kori baƙin da ba su da takardun zama, mutane da yawa na zango suka bar gidajen da aka haife su. A 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi, mutanen Gana da yawa a ciki.

Yanzu gari ya cim ma Rijiyar Zaki, gidaje sun cinye gonaki da yawa, masu haya sun zo daga ko'ina. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, sun kuma ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ya kamata hakimai da dagatai da masu unguwanni da sauran ma'aikata su san wanda ya sauka a ƙasarsu, su san wanda ya sauke shi, su ji ƙararsa kamar yadda suke jin ta ɗan gari, domin 'ya'yan Kano da ke Kumasi da Ibadan su ma haka suke bukata a wurin masu masaukinsu. Allah ya kai matafiya gida lafiya, amin.