Fada Yahaya Bosko, Uban Marayun Turin

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi. To, ga labarin wani limamin Katolika na ƙasar Italiya wanda ya ƙare ransa bisa wannan magana.

An haifi Yahaya Bosko cikin 1815 a wani ƙauye wai shi Bekki. Yana da shekara biyu ubansa ya rasu, saboda haka tun yana ƙarami ya san ɗacin maraici, ya yi kiwo, ya yi ƙodago a gonar wani, kafin ya sami hanyar karatu. Cikin 1841 aka naɗa shi Fada.

A zamanin nan kuwa birnin Turin ya cika da yaran ƙauye masu neman aiki, ba masauki, ba mai tsawata musu. Da Fada Bosko ya shiga gidajen sarƙa na birnin, sai ya tarar da samari ƙanana jibge cikin ƙazanta da ƙwarƙwata, in an sake su ba su daɗewa sai su komo. Ya duba, ya ga abin da suka rasa shi ne mai kula da su a waje.

Ran 8 ga Disamba, 1841, ya iske mai tsaron majami'a yana dukan wani maraya, Bartolomiyo Garelli. Ya hana, ya zaunar da yaron, ya fara koya masa. Yaro ya jawo 'yan'uwansa, har suka kai ɗaruruwa. Duk inda suka sauka sai maƙwabta su kore su don hayaniya, sai cikin 1846 ya sami wata rumfa a unguwar Baldokko. Tsohuwarsa Margarita ta bar ƙauye ta zo, tana yi musu girki da ɗinki har ta rasu cikin 1856.

Bai tsaya ga wa'azi kaɗai ba. Yakan bi yaran wurin iyayengijinsu, a rubuta yarjejeniya a kan lada da hutu, da cewa ba za a doke su ba. Sa'an nan ya buɗe ɗakunan koyon ɗinki, da dukanci, da aikin kafinta, da ɗab'i. Dokarsa ita ce a ja yaro da hankali da ƙauna, a ajiye bulala. Da annobar kwalara ta faɗa wa Turin cikin 1854, yaran nan da ake kira 'yan iska su ne suka fita jiyyar marasa lafiya.

Cikin 1859 ya kafa jama'ar Salesiyawa don aikin ya ɗore bayansa, cikin 1875 kuma ya aika da na fari zuwa Ajantina. Ya rasu ran 31 ga Janairu, 1888, ƙarfinsa ya ƙare ƙaf cikin hidimar yara. Paparoma Fiyus na 11 ya sa shi cikin waliyyan Katolika a 1934.

Jama'a, kowane gari yana da irin yaran nan, masu kwana a rumfunan kasuwa. Allah ya ba su mai riƙe su.