Daga Rano da Kibiya zuwa birni: Tarihin tsofaffin asibitocin Kano da yadda suka sauya

A ƙasar Rano da Kibiya, idan dattijo ya ce a wata shekara an kai wane birni, ba tare da ya ambaci fatauci ko karatu ba, masu sauraro sun san cewa ciwo ne ya yi tsanani. Shekaru da dama asibitocin da ake iya yi wa mutum tiyata ko ƙarin jini duk suna cikin birnin Kano ne, saboda haka tarihinsu ya zama wani ɓangare na tarihin gidaje da yawa a kudancin jihar. Asibitocin suna nan har yau, amma sunayensu da masu riƙe da su da hanyar biyan kuɗin magani a cikinsu duk sun sauya.

Kafin a kai ga birni

A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin Sarkin Kano, kiwon lafiya a karkara ya dogara ne a kan ɗakin shan magani da ake ginawa a manyan garuruwan hakimai. Ba likita ne ke zama a ciki ba. Malamin asibiti ne, wanda jama'a ke kira disfensa, shi ke wanke gyambo, ya ɗaure rauni, ya ba da ƙwaya, ya tsiyaya maganin ruwa a kwalbar da majinyaci ya zo da ita daga gida. A gefensa akwai duba-gari, mai zagayawa yana leƙa randuna da masai da mahauta, da kuma masu yin lamba domin rigakafin agana. Makarantar koyon aikin tsafta ta Kano, wadda ta fara aiki tun shekarun 1930, ta yaye da yawa daga cikin waɗannan ma'aikata.

Sauran aikin kuwa yana hannun masu sana'ar gado. Wanzami ke yin kaciya da ƙaho da cire beli, maɗori ke ɗora karaya, ungozoma ke yanke cibi. Sai abin ya fi ƙarfin waɗannan duka ake tunanin birni. Tafiyar ma ba ƙaramar shawara ba ce, domin sai an sami mota, galibi ran kasuwa, an tanadi guzuri, an kuma san gidan ɗan'uwa ko maigidan da mai jinya zai sauka. Wannan ya sa mutane da dama ke isa asibiti bayan ciwo ya ci jiki, har aka daɗe ana kallon kwanciya a asibiti a matsayin alamar cewa rai ya yi halinsa ko yana dab da yi.

Asibitin Birni

Babban zangon wannan tafiya shi ne asibitin da Turawa suka raɗa wa City Hospital, wanda En'e ta Kano ta gina a ƙarshen shekarun 1920, farkon sarautar Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953. Ya fara ne da gadaje 16. An kafa shi a cikin ganuwa, kusa da Ƙofar Mata, domin talakawan ƙasa, kuma da kuɗin baitulmalin En'e ake tafiyar da shi, wato harajin da manomin Rano da na Kibiya suke biya yana cikin abin da ya riƙe shi.

Bayan kisan Shugaban Ƙasa Janar Murtala Ramat Muhammad a ranar 13 ga Fabrairu, 1976, aka sanya wa asibitin sunansa. A yau Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad yana da ɗaruruwan gadaje, kuma yana cikin asibitocin da suka fi cunkoso a Arewa, musamman sashen haihuwa da na gaggawa. A cikinsa ne Cibiyar Laure take, inda ake yi wa mata aikin yoyon fitsari, lalurar da mafi yawan lokuta doguwar naƙuda ce ke haddasa ta. Akasarin matan da ake kawowa wannan cibiya daga karkara suke, inda tazara tsakanin ɗakin mai naƙuda da ɗakin tiyata ta yi yawa.

Nasarawa, Zana, Dala da sauransu

Asibitin Nasarawa an gina shi ne domin Turawan mulki da na kamfanoni, daga baya manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaje shi. Shi ya sa har yanzu ake ganinsa a matsayin asibitin masu hali. Sunansa na hukuma yanzu Muhammad Abdullahi Wase, wato Kanal ɗin da ya mulki Jihar Kano, ya rasu a hatsarin jirgin sama a Jos cikin 1996, amma a bakin jama'a Nasarawa yake.

Asibitin Zana shi ne na cututtuka masu yaɗuwa. Can ake keɓe masu agana kafin a kawar da ita daga duniya, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 1980, kuma can ake kai masu sanƙarau da ƙyanda da amai da gudawa da tarin fuka. A annobar sanƙarau ta 1996 ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wannan asibiti, a wani bincike da ya shafi yara kimanin 200, inda 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan Dala miliyan 75. Wannan lamari yana cikin abubuwan da aka riƙa kafa hujja da su lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, kuma an ɗauki shekaru ana aiki da sarakuna da malamai kafin amincewa ta dawo. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji.

Asibitin ƙashi na Dala ya buɗe a 1959, daga bisani Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi. Shi ne ya fara yin gogayya da maɗori, gogayyar da ba ta ƙare ba har yau, domin har yanzu akan kai wa likitocinsa karayar da ta lalace bayan an daɗe ana ɗori a gida. Asibitin ido na mishan, wanda ƙungiyar SIM ta kafa a 1943, yanzu kuma yake hannun ECWA, ya yi suna wajen cire yanar ido, har daga Jamhuriyar Nijar ake zuwa. A Yadakunya, wanda aka fi sani da Asibitin Bela, aka riƙa tsugunar da masu kuturta shekara da shekaru. Zuwan haɗakar magungunan da ke warkar da cutar a shekarun 1980 ya kawo ƙarshen wannan dogon zama, domin mutum na iya shan magani yana gidansa.

Sabbin da suka biyo baya

An kafa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 1988. Ya fara aiki ne a cikin Asibitin Murtala kafin ya koma mazauninsa na dindindin a kan titin Zariya, kuma jama'a na ce masa Asibitin Malam. Ga wanda ya taso daga Rano ta Bunkure ya hau babbar hanyar Zariya, shi ne babban asibitin da zai fara tararwa. Akwai kuma asibitin yara na Hasiya Bayero, mai ɗauke da sunan mahaifiyar Sarki Ado Bayero. A watan Disamban 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wasu biyu, na Giginyu mai ɗauke da sunansa, da na yara da ke titin Gidan Zu.

A karkara ma abubuwa sun motsa. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. Daga nan aikin lafiya ya kasu hawa uku: ƙananan asibitoci na matakin farko a mazaɓu, manyan asibitoci irin Babban Asibitin Rano a hannun jiha, sai asibitocin koyarwa da na ƙwararru a sama. Lokacin da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiro masarautun Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi a 2019, ta sanar da ɗaga darajar asibitocin waɗannan garuruwa zuwa masu gadaje 400 kowanne. An rushe masarautun a 2024, sannan aka maido da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya. Ko ma yaya taswirar sarauta ta kasance, Rano ce cibiyar da majinyatan waɗannan ƙananan hukumomi suka fi kusa da ita.

Cututtukan yankin su ma sun sauya. Dam ɗin Tiga, wanda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako a farkon shekarun 1970, da noman rani da ya biyo bayansa a Kadawa da kewaye, sun kawo arziki, amma ruwan da ke kwance rani da damina gida ne ga sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Ga kuma hatsarin mota da na babur, da hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda, waɗanda ɗakin shan magani na da bai san da su ba sosai.

Daga magani kyauta zuwa takardar kemis

Abin da dattawa suka fi tunawa shi ne arha. A shekarun 1960 da 1970 mutum kan yanki kati da kuɗi kaɗan, a ba shi magani, idan an kwantar da shi a ba shi gado mai zanin shimfiɗa da abinci. Wannan gaskiya ne. Sai dai waɗanda suka ci moriyar ba su da yawa idan aka kwatanta da jama'ar ƙasa, domin mafi yawan mutanen karkara ba sa isa asibitin, kuma ƙyanda da agana da haihuwa suna kashe mutane a gida ba tare da an rubuta ko'ina ba.

Faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980, da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, su suka karya wannan tsari. Darajar Naira ta zube, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada, ɗakunan ajiyar magani suka koma wayam. Daga nan aka saba da likita ya rubuta takarda a tafi kemis, har shagunan magani suka kewaye ƙofar kowane babban asibiti. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da tsarin asusun magani mai juyawa, wato majinyaci ya biya, a sake sayo wani da kuɗin. A daidai wannan lokaci Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya mayar da hankali ga rigakafi da ƙananan asibitoci. Tun daga wancan zamani nauyin jinya ya koma wuyan iyali, kuma a karkara hakan na nufin sayar da akuya ko buhun hatsi, wani lokaci ma jinginar da gona.

An yi yunƙuri iri-iri na rage wannan nauyi. Jihar Kano ta ɓullo da shirin haihuwa kyauta a farkon shekarun 2000. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Jihar ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA, wadda ake cirar wani kaso daga albashin ma'aikata domin kula da su da iyalansu, kuma tana da tsarin da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu za su iya shiga. A 2022 sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta wajabta inshora a kan kowa, ko da yake har yanzu mafi yawan jama'a daga aljihunsu suke biya.

Dalilin da ya sa har yanzu ake nufar birni

Yau mota kan kai mutum daga Rano zuwa Kano ya dawo a wuni guda, ga wayar salula da za a kira direba da tsakar dare. Duk da haka cunkoson da ake gani a Asibitin Murtala daga karkara yake farawa. Masana sun lissafa jinkiri uku da ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Hanya da waya sun rage na biyu. Na uku kuwa ya danganta da abubuwan da ba a gani daga bakin titi, wato likitan da ke kwana a garin, ungozomar da ke aikin dare, jini a ajiye, wutar lantarki a ɗakin tiyata, da mai sa barci. Duk inda ɗaya ya ɓace, sai a rubuta takardar tura majinyaci gaba, mai zubar jini ko jijjiga ta sake hawa mota.

Rabon ma'aikata shi ne ƙashin bayan matsalar. Likitoci da nas-nas sun fi taruwa a birni, inda makarantun 'ya'yansu da asibitocin kuɗi suke, wasu kuma suna ficewa zuwa Saudiyya da Ingila. Annobar mashaƙo ta 2023, wadda ta fi ƙamari a Jihar Kano, ta nuna cewa giɓin rigakafi a matakin farko yakan ƙare ne a gadajen asibitocin birni.

Ga mazaunin birni da ke da iyaye a Rano ko Kibiya, wannan tarihi yana da amfani na zahiri. Yi wa iyali rajistar inshora a asibitin da ya fi kusa da su, tabbatar da mai ciki tana zuwa awo, sanin rukunin jinin 'yan gida da wanda zai bayar idan buƙata ta taso, da karɓar takardar turawa kafin a kamo hanya, duk suna rage awannin da ake ɓatawa a bakin ƙofar sashen gaggawa. Asibitin da ya fara da gadaje 16 ya kusa cika shekara 100 yana karɓar mutanen kudancin Kano, kuma sauƙin da zai samu nan gaba ya rataya ne a kan yawan waɗanda za a iya yi wa aiki a Rano ba tare da sun ga Ƙofar Mata ba.