Tarihin Neman Maganin Kitsen Hanta ta Hanyar Makarɓan Ƙwayoyin Jiki

Likitocin Turai sun daɗe da sanin hanta mai kitse, amma galibinsu sun jingina illar ga shan giya, har ya zamana idan majinyaci ya rantse bai taɓa kurɓa ba, sai a tuhume shi da ɓoye gaskiya. A 1980 ne Jurgen Ludwig da abokan aikinsa na asibitin Mayo a Amurka suka bayyana halin mutum 20 waɗanda hantarsu ta tara kitse ta kumbura alhali ba mashaya ba ne, akasarinsu masu ƙiba, wasu kuma da ciwon suga. Daga nan cutar ta sami suna, amma nasihar likita ba ta wuce rage ci da motsa jiki ba.

Mafita ta ɓullo ne daga wani fanni dabam. A cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam akwai wasu sunadarai da ake kira makarɓai, waɗanda misalinsu kamar kwaɗo ne da ba ya buɗuwa sai da mabuɗinsa, idan kuwa ya buɗu, sai ya umarci ƙwayar ta ƙone kitse ko ta adana shi. A 1986 Ronald Evans a Amurka da Björn Vennström a Jamus, kowa a nasa ɗakin bincike, suka gano makarɓin sinadarin tayirod, wato na ƙullutun nan na wuya wanda kumburinsa ke jawo maƙoƙo. Galibin 'yan'uwansa suka biyo baya, har adadinsu ya kai 48, kuma da yake an sami da yawa tun ba a san mabuɗansu ba, masana suka laƙaba musu "marayu". Cikinsu akwai PPAR, wanda Issemann da Green suka bayyana a Ingila a 1990, da FXR na 1995, wanda sai a 1999 aka tabbatar cewa sinadaran ruwan maɗaciya ne mabuɗinsa.

Sanin kwaɗo dai bai zama mallakar mabuɗi nagari ba. Bahasin da aka buga a 2010 ya nuna pioglitazone, maganin suga mai taɓa PPAR, yana rage kitse da kumburi, illa dai yana ƙara ƙiba, wadda ita ce tushen mas'alar. Obeticholic acid na kamfanin Intercept, mai taɓa FXR, ya rage tabon hanta ga wasu, amma ya zo da ƙaiƙayi mai tsanani da hauhawar kolestarol, saboda haka hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi shi a 2020, ta sake ƙinsa a 2023. Elafibranor na Faransa ma ya faɗi a gwajinsa na 2020.

Abin mamaki, nasara ta zo ne ta wajen tsohon makarɓin nan na 1986. Shi nau'i biyu ne, alfa wanda ya rinjaya a zuciya da ƙashi, da beta wanda ya rinjaya a hanta, hikimar masu harhaɗa maganin resmetirom kuwa ita ce zaɓen beta kaɗai, domin hanta ta ƙone kitsenta ba tare da zuciya ta shiga bugun sauri ba. A gwajin mutum 966, kumburi ya warware ga kashi 26 zuwa 30 cikin ɗari, alhali ga masu shan ƙwayar da babu magani a ciki bai wuce kashi 10 ba. Adadin bai taka kara ya karya ba, amma ya isa hujja, hukumar magunguna ta Amurka ta halatta maganin ranar 14 ga Maris, 2024. A watan Agusta na 2025 maganin semaglutide ya bi sahu, shi kuwa makarɓinsa na GLP-1 a bayan ƙwayar jiki yake zaune, ba a cikinta ba, kuma mafi yawan amfaninsa ga hanta yana zuwa ne ta hanyar rage sha'awar abinci da nauyin jiki.