Ƙwallon da Aka Mirgina a Malbon: Doka da Kunya a Wasan Kurket

Gabatarwa

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa mujallar Hausa da wasan kurket, alhali kuwa yawancinmu ba mu taɓa kallonsa ba? To, ni dai a makarantar sakandare na fara riƙa sandar bugunsa, a hannun wani malaminmu na tarihi wanda yakan tsaya mana alƙali. Wata rana gardama ta kaure tsakaninmu a fili, ɗayanmu yana ta faɗin cewa ai doka ba ta hana abin da ya yi ba. Sai malam ya zaunar da mu, ya ba mu labarin da zan kawo a nan. Daga baya na bi diddiginsa, na tarar ya fi yadda na zata nauyi.

Yadda wasan yake

Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 11. Mai jifa yana wurga ƙwallo don ya kayar da wasu 'yan sanduna uku da aka kafa, mai bugu kuwa yana kare su, yana neman maki. Idan ya buga ƙwallo ya tsallake iyakar fili ta sama, ya sami maki 6 ke nan. Alƙalai biyu ke tsayawa cikin fili. A shekarar 1744 aka rubuta dokokin wasan a Ingila, sa'an nan kulob ɗin Marylebone na Landan, wanda aka kafa a 1787, ya zama mai riƙe da su. Tun asali ta ƙasa ake jifa, watau hannu yana ƙasa da kugu. Sai a 1864 aka halatta ɗaga hannu sama da ka, kowa ya koma can, aka bar tsohuwar hanyar cikin littafi ba wanda ya soke ta.

Ranar 1 ga Fabrairu, 1981

A wannan rana Ostareliya ta kara da Niyu Zilan a babban filin Malbon, gaban 'yan kallo fiye da dubu 50. Ostareliya ta fara bugu ta tara maki 235. Niyu Zilan ta biyo baya har ta kai 229, jifa ɗaya tak ya rage. Watau idan mai bugu, Brian McKechnie, ya tsallakar da ƙwallo waje, an yi kunnen doki. Abu ne mai wuya ƙwarai, gama filin yana da faɗi, shi kuma McKechnie shigarsa ke nan, bai ko buga ƙwallo ɗaya ba.

Duk da haka kyaftin ɗin Ostareliya, Greg Chappell, bai yarda ya bar ko 'yar ƙofa ba. Ya je wurin mai jifa, wanda ƙanensa ne Trevor, ya umarce shi ya mirgina ƙwallon a ƙasa, don wanda ke birgima ba ya buguwa sama. Aka sanar da alƙalai, su kuma suka sanar da mai bugu kamar yadda doka ta tanada. Rod Marsh, mai tsaron bayan sanduna na Ostareliya, ya yi ta girgiza kai. Trevor ya mirgina, McKechnie ya tare, ya yi jifa da sandarsa don takaici. Ostareliya ta ci da maki 6, amma mutanen garinsu da kansu suka bi su da ihu.

Matsayin alƙalai

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Alƙalan ranar, Don Weser da Peter Cronin, ba su da ayar da za su kafa hujja da ita su hana wannan jifa. Da sun hana, da sun ƙirƙiri doka ke nan a tsakiyar fili, gobe kuma wani alƙali ya ƙirƙiri tasa don son ransa. Shi ya sa Bahaushe ke cewa shari'a saɓanin hankali.

Har ila yau, a wannan wasa an yi wani hukunci da ya nuna iyakar ikonsu. Sa'ad da Greg Chappell ke bugu, Martin Snedden ya cafe ƙwallonsa dab da ƙasa, abin da ya kamata ya fitar da shi. Alƙalai suka ce ba su gani ba, shi kuwa Chappell bai fita don kansa ba, ya ci gaba har ya kai maki 90. Masu kallon talabijin sun ga kamun, amma a lokacin ba a ba alƙali damar duba hoto ba, sai a 1992 aka fara haka. Ashe sau biyu a yini guda hukunci ya kuɓuce wa alƙali ya koma hannun ɗan wasa.

Abin da ya biyo baya

Maganar ta kai ga shugabanni. Firayim Ministan Niyu Zilan, Robert Muldoon, ya kira abin ragwantaka, na Ostareliya ma, Malcolm Fraser, ya ce ya saɓa wa al'adar wasan. Ba a jima ba aka hana irin wannan jifa a wasannin yini ɗaya na ƙasa da ƙasa. A dokokin shekarar 2000 aka hana shi gaba ɗaya sai in an yi yarjejeniya kafin wasa, aka kuma ƙara gabatarwa mai ɗora wa kyaftin nauyin kiyaye mutuncin wasan. Shi kansa Greg Chappell ya amsa daga baya cewa gajiya ta rufe masa ido a ranar, ya kuma yi nadama.

Akwai kishiyar wannan labari. A gasar cin kofin duniya ta 1987 a Lahore, Pakistan tana neman maki 2 a jifan ƙarshe, sai Saleem Jaffar ya bar layinsa tun ba a saki ƙwallo ba. Doka ta ba mai jifa, Courtney Walsh na West Indies, damar fitar da shi a gama wasa. Walsh ya tsaya, ya dube shi, ya koma ya sake jifa. Pakistan ta ci, West Indies kuwa ba ta kai wasan kusa da na ƙarshe ba.

Kammalawa

Ba zan ce Walsh ya fi Chappell bin doka ba, dukkansu a cikinta suke. Bambancinsu yana wurin da littafi ya yi shiru. A fahimtata, ashe dokar wasa takan ƙara tsawo ne duk lokacin da kunya ta gaza, gama abin da a da girma ke hanawa, yanzu dole a rubuta shi. Mu ɗalibai da muke shirin zama alƙalai da malamai da ma'aikata, irin wannan gurbi zai riske mu, inda ba mai ikon hana mu sai kanmu. Malaminmu da ya gama labarin bai yanke wa kowa hukunci ba. Ya miƙa wa abokinmu ƙwallo kurum, ya ce, "To, ga shi, jefa yadda ka ga dama."