Tarho da kunne: asalin aikin sauraren yaran da rai ya ƙuntace musu

A shekarar 1935, a birnin Lincoln na Ingila, an tura wani sabon ma'aikacin majami'a mai suna Chad Varah ya jagoranci jana'izarsa ta farko. Gawar ta wata yarinya ce da ba ta wuce shekara 14 ba. Ta fara ganin jinin al'ada, ba wanda ya taɓa yi mata bayaninsa, sai ta ɗauka ciwon abin kunya ne ya kama ta, ta kashe kanta. A lokacin kashe kai laifi ne a dokar Ingila, kuma haka ya zamna har 1961. Yarinyar ba ta da kalmar da za ta kira abin da ya same ta, ba ta kuma da wanda za ta tambaya. Daga wagga mutuwa ne za mu bi sawun wani aiki da ya bazu a duniya, wato sauraren yaro ko matashi a daidai sa'ar da ransa ya kai maƙura.

Varah ya daɗe da abin a zuciya. A 1953 ya karanta cewa mutum uku ke kashe kansu kowace rana a Landan. Birnin na da lamba 999 tun 1937 don gobara da ƴan sanda da motar likita, amma babu lambar da mai son rabuwa da ransa zai buga. Ya samu aiki a majami'ar St Stephen Walbrook, ya sa lambar tarhonta a jaridu, ranar 2 ga Nuwamba 1953 aka fara kira. Wata jarida ta kamanta shi da Basamariyen kirki na cikin Linjila, sunan ƙungiyar, Samaritans, ya bi ta daga nan.

To, abin da ya faru bayan haka shi ne ya kamata mu tsaya a kai. Mutane suka yi yawa, suna zaman jiran ganin Varah. Masu aikin sa kai da suka zo taimaka mishi ba lokotoro ba ne, ba malaman addini ba ne. Aikinsu su zuba wa masu jira shayi, su zamna da su. Sai Varah ya lura da yawa na tashi su tafi gida ba su ma gan shi ba, don sun riga sun sauke abin da ke ransu a wurin mai zuba shayin. A Fabrairun 1954 ya miƙa aikin ga masu sa kan. Ƙa'idarsu mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar bi: ka saurara, kar ka yi wa'azi, kar ka yanke hukunci, kar ka yi saurin ba da shawara.

Sai da aka yi shekara 33 kafin yara su samu layin kansu a Ingila. Esther Rantzen, mai gabatar da shiri a talabijin na BBC, ta yi shiri kan cin zarafin yara, ta ga yadda suka yi ta kiran lambar da aka buɗe ta ɗan lokaci. A Oktoban 1986 aka kafa Childline, da lamba 0800 1111. Daren farko an yi ƙoƙarin kira kimanin sau 50,000. An tsara abin da tunanin yaron da ke tsoron wani a cikin gidansu: kiran kyauta ne, kuma ba ya fitowa a takardar kuɗin tarho. A 2006 Childline ta shiga ƙarƙashin ƙungiyar kare yara ta NSPCC.

A Indiya abin ya ɗauki wata siffa. Jeroo Billimoria, mai aikin jin ƙai a Mumbai, ta kan ba yaran titi lambar gidanta, su kuwa su kira ta da tsakar dare, lokacin da ofisoshi ke rufe. A 1996 ta buɗe layin 1098, aka horar da matasan da suka taso a titi su riƙa ɗaukar kiran, don sun san bakin yaran da ke magana. A 2003 aka kafa Child Helpline International a Amsterdam don haɗa irin waɗanga layuka na ƙasashe daban-daban.

Mi ma'aikacin irin wanga layi ke yi a zahiri? Galibi aikin harshe ne. Wani yaro zai kira ya yi shiru, ma'aikaci ba zai kashe wayar da sauri ba, zai gaya mishi yana nan yana jira. Wani zai kira da wasa ko zagi, yana gwada ko za a kore shi, kafin ran da zai faɗi gaskiyar. Ana koya wa ma'aikaci ya yi tambaya kai tsaye, ko yaron na tunanin kashe kansa, don bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi ma take kawowa. Akwai kuma nauyin sirri: an yi wa yaro alkawarin riƙe maganarsa, amma in ransa na cikin hatsari dole a nemo agaji. Ga shi sau da yawa kira zai yanke, ma'aikaci ba zai taɓa sanin ƙarshen labarin ba. Shi ya sa a Samaritans kowane mai sa kai ke sauke abin da ya ji ga wani jagora kafin ya koma gida.

Wanga tarihi na Ingila da Indiya ne, amma yarinyar Lincoln ba baƙuwa ba ce gare mu. Mukan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, muna yaba mai iya ɓoye abin da ke ransa. Kunya na hana ɗiya tambayar uwarta abin da ke faruwa da jikinta. A bakinmu na yau da kullum akwai «damuwa», wadda ake ce wa a yi haƙuri, akwai «hauka», wadda ake gudu. Yaron da ke tsakanin biyun kan rasa sunan da zai kira halinsa, sai ya ce kansa ke ciwo, ko ya daina zuwa lakwal.

Masu zuba shayi kam muna da su, kowace unguwa a Zinder ko Maraɗi da fadarta. Abin da masu sa kan 1954 suka ƙara kan shayi shi ne horo: haƙurin yin shiru, da ƙarfin halin yin tambayar da kowa ke kauce wa. Mu masu nazarin harshe muna da namu rabon aikin: nemo yadda za a yi wagga tambaya da Hausa, ta yadda ɗan shekara 13 zai iya amsa ta ba tare da jin an kira shi mahaukaci ba.